Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan Innarta mai ciwon mantuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tambayar nan taki, wai likita ya ce ki riƙa sa Innarku ayyukan fasaha amma bai ce miki ga irinsu ba, wallahi kamar da bakina kika yi ta. Ni ma haka na dawo gida nan Gusau da Innarmu ina tunanin ko fenti da takarda zan sayo mata.

Yadda na gane abin, kashi biyu ne. Akwai wanda ita za ta yi da hannunta ko bakinta, su saƙar faifai, kaɗin auduga da mazari, ɗinki, ƙunshi, waƙa, tatsuniya, har ɗan rausayawa tana zaune tana tafi. Akwai kuma wanda za a yi mata, ita dai ta saurara ko ta kalla, kamar a kunna mata waƙoƙin zamaninta ko a baje mata tsofaffin hotuna. Idan ciwon bai yi nisa ba ki fi ba na farkon ƙarfi, in ya yi nisa na biyun ne ke saura. Kuma kar ki kawo mata sabon abu, abin da hannunta ya sani tun tana budurwa shi za ki nemo.

Waƙa ce ta fi ba ni mamaki. Inna ta kai tana ce min "baiwar Allah ɗiyar wa ce ke", amma in na ɗauko waƙar daka ko ta gaɗa sai ta karɓe ta kai ta har ƙarshe, baiti ɗaya ba ya kuɓuce mata. Likitanta ya ce Alzheimer, wato irin ciwon mantuwar da ke damun kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon, sabon abu take fara sharewa, waƙar ƙuruciya kuwa tana daɗewa. Haka surorin da ta haddace ma.

To wannan waƙar ce fa matar yayana ta mayar abin tsegumi. Inna tana waƙa tana kiran sunan ƙawayenta da suka rasu, sai matar nan ta shiga maƙwabta tana cewa tsohuwa ta fara tonon asirin waɗanda ta ci. Maita fa take nufi! Matar da ta yi mata wankan jego! Na zo wata ranar Juma'a na tarar an kulle Inna a ɗaki, an kwashe kabarta da faifan da ta fara an watsar bayan gida, tana zaune a ƙasa tana ta lalube da yatsu kamar mai saƙa, babu komai a hannun. Yara na leƙe ta taga suna dariya. Yayana ko uffan bai ce ba, wai yana gudun fitina. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita, Allah ya isa dai ban ce ba saboda 'ya'yanta.

Ki yi haƙuri na kauce. Ayyukan nan ki riƙa yi wa Innarku su da hantsi, don daga la'asar zuwa magariba yawancinsu rikicewa suke yi. In ta gaji ki bari, in faifan ya karkace kar ki gyara, kuma don Allah ki hana mutane yi mata "kin gane ni? wa ne ni?", tambayar nan kuka take sa su. Basilla da ƙananan duwatsun ado ki ɗauke in ta fara kai abu baki. A duba mata kunne da ido ma, wani lokaci ba ƙin waƙar take ba, ji ne ba ta yi. Maganin asibiti kuma kar a daina, waɗannan ba warkarwa suke ba, hankali suke kwantar mata.

Wace sana'a Innarku ta yi da ƙuruciya? Ki faɗa min sai mu ga ta inda za ki fara. Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.