Wane itace za mu dasa a gurbin waɗanda ƙwaro ya kashe?

Ka ce tunda baƙon ƙwaron nan ya gama da layin turaren da ke tare mana iska, mu ɗebo darbejiya mu cike gurbin kaf, don ta fi saurin tashi. Sauri kam tana da shi, yaro na. Amma ban yarda a sake jera iri ɗaya daga wannan kai zuwa wancan ba. Ƙwaro in ya sami abincinsa a jere, bin layi kawai yake yi.

Mutanen Amurka sun sha wannan. Wata cuta ta kashe musu itacen elm a garuruwa, suka maye gurbinsa da itacen ash birjik. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro daga Asiya a jihar Mishigan, tsutsarsa na cin ƙarƙashin ɓawo, ya hallaka miliyoyin ash ɗin. Su ma a lokacin gani suke sun zaɓi itace mai ƙwari.

Saboda haka gauraya za mu yi, kuma ka dubi dangi, kada suna ya ruɗe ka. Darbejiya da maɗaci gida ɗaya suka fito, haka gawo da bagaruwa. Abin da ya ɗanɗani ɗaya yana iya lasar ɗan'uwansa. Ka sa masu tsayi a tsakiya, darbejiya nan, marke can, tsamiya jefi-jefi ko da ba ta da hanzari. A gefen da iska ke bugowa ka sa gajeru masu cika ƙasa, irin su magarya da aduwa, don ta ƙarƙashi iska ke sulalewa in ƙasan shinge ya yi fayau. Gawo kuwa ka san halinsa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi luf. Yana tare iskar hunturu, amma guguwar farkon damina kada ka dogara da shi.

Kada kuma ka cushe su har iska ta rasa mafita. Shingen da ya toshe ɗam, iska tsallake shi take yi ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Wanda ke tace ta, kamar rabi ganye rabi sarari, shi ke kare gona har nisan da ya kai tsayinsa sau goma.

Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, a sare matattun a ƙone su a wurin, kada kowa ya kwashe su itacen girki zuwa wani gari, don a cikin gungume ƙwaro ke yin tafiya. Waɗanda suka tsira da lafiyarsu ka bar su tsaye su yi wa dashen inuwa. In ka je ɗaukar dashen, ka juya ganye ka duba bayansa, ka tsaga leda ɗaya ka ga saiwa. Wadda ta nannaɗe kanta a gindin leda, ajiye ta.