Imel ɗina ya koma Faransanci: amsoshin tambayoyinku kan sauya harshe

Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato akwatin imel da ya koma wani harshe. Ba abin mamaki ba ne a jihar Katsina da ke maƙwabtaka da Nijar, ga kuma masu zuwa Umara da ke dawowa da wayoyi. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Abokin cinikina ya kawo mini waya daga Damagaram, na saka imel ɗina sai na ga komai da Faransanci. Na bi saitin Gmail sama da ƙasa ban ga inda ake sauya harshe ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba za ka gan shi a can ba. Manhajar Gmail ta waya harshen wayar take bi, don haka wayar za ka gyara, ita kuma Gmail ta biyo baya da kanta.

Fita daga Gmail ka nemi saitin wayar, mai alamar ƙaramin gargare mai haƙora. Da Faransanci an rubuta Paramètres. Idan Tecno ce ko Infinix ko itel, gangara ƙasa ka shiga Système, daga nan Langues et saisie, sannan Langues. Idan Samsung ce, Gestion globale za ka nema, a ciki ka ga Langue. Danna Ajouter une langue, ka zaɓi English, sai ta tambaye ka na wace ƙasa, ka zaɓi Nigeria.

A nan yawancin mutane ke tsayawa, su ce abin bai yi ba. Ƙara harshe kawai ba ya sauya komai. Wayar tana amfani ne da wanda ke saman jeri, don haka sai ka danne English ɗin da yatsa ka ja shi sama ya zama na ɗaya. Nan take rubutun zai juya. Kada ka goge Faransancin, tunda kana hulɗa da mutanen Damagaram da Maraɗi, bar shi a na biyu.

Idan wayar tana kan Android 13, wanda ya fito a 2022, ko wanda ya biyo bayansa, akwai wani sashe mai suna App languages inda ake ba kowace manhaja harshenta daban, muddin manhajar ta yarda da hakan. Masu iPhone sun samu irin wannan tun iOS 13 a 2019.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Yayana da ke karatu a Madina shi ya buɗe mini Gmail. A waya da Turanci yake, amma duk kwamfutar da na buɗe shi sai ya fito da Larabci, komai ya koma ta hagu.

Amsa: Malama, taki matsalar kishiyar ta Alhaji ce. A kwamfuta, Gmail ba ruwansa da harshen na'urar, abin da aka saita a cikin asusunki yake bi. Shi ya sa ko kwamfutar ɗakin karatu kika hau, ko ta shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Larabcin nan zai biyo ki. Daɗin abin shi ne sau ɗaya za ki gyara.

Tunda Larabci daga dama ake fara shi, shafin gaba ɗaya ya juya, alamar gargaren da aka saba gani a sama ta dama ta koma sama ta hagu. Danna ta. Wani ɗan allo zai buɗe, a samansa akwai maɓallin da ke kai ki ga dukkan saituna. Shafin da zai fito, layinsa na farko shi ne na harshe, kuma wadda ta yi Islamiyya ba za ta kasa karanta اللغة ba. Buɗe jerin da ke gabansa. Kowane harshe da rubutunsa aka rubuta sunansa, don haka English za ki gan shi da boko. Bayan kin zaɓa, ki gangara har ƙarshen shafin ki danna maɓallin adanawa, wanda da Turanci ake rubuta Save Changes. Idan kika fita ba ki danna shi ba, aikin banza kika yi.

Akwai gajeriyar hanya kuma. Rubuta myaccount.google.com/language a burauza, zai kai ki kai tsaye inda ake saita harshen asusun Google gaba ɗaya. Ni wannan na fi so, domin yana gyara har Drive da sauran manhajojin Google, ba Gmail kaɗai ba.

Tambaya: Mahaifiyata malamar firamare ce da ta yi ritaya a Katsina. Tana karanta Hausa sosai, Turanci kuwa sai a hankali. Zan iya mayar mata da imel ɗinta Hausa baki ɗaya?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri da kula da Hajiya. Sai dai baki ɗaya ɗin nan ne ba zai samu ba, kuma gara in faɗa maka gaskiya.

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su harshen imel. Akwai rubutun da ke jikin manhajar, irin su Inbox da Sent da Compose. Akwai saƙon da wani ya rubuto. Akwai kuma allon da ake rubutu da shi. Kowanne da inda ake taɓa shi.

Na farkon shi ne mai ciwo. Jerin harsunan da Gmail ke nuna fuskarsa da su yana da Swahili da Zulu da Amharik, amma babu Hausa. A ganina wannan gazawa ce, ganin miliyoyin masu magana da ita, kuma kamfanin ba baƙon harshen ba ne: Google Translate ya saka Hausa tun 2013, shafin bincike na Google a Najeriya ma yana buɗewa da ita. Wayoyin Tecno da itel suna da Hausa a jerin harsunansu, to amma ko ka zaɓa mata, saitin wayar ne zai koma Hausa, Gmail ya tsaya a harshe na biyu da ke jerin. Saboda haka ka tabbata English ne a na biyu, kada ta wayi gari ta ga wani harshen da ba ta sani ba. Kalmomin da take buƙata a fuskar Gmail ba su da yawa, ka zauna da ita ka nuna mata inda saƙo ke shigowa, inda ake rubuta sabo, da alamar aikawa.

Saƙonnin da ke shigo mata kuwa, sauya harshen manhaja ba ya taɓa su. Wasiƙar da aka rubuto da Turanci tana nan da Turancinta. Abin da za ta yi shi ne ta kwafi saƙon ta zuba a Google Translate ta karanta da Hausa. Fassarar tana isa a gane inda magana ta dosa, amma duk saƙon da ya shafi fansho ko banki, a samu mutum ya karanta mata asalinsa. Na'ura takan juya ma'ana a daidai inda kuɗi suke.

Rubutu ne mai sauƙi. Saka mata Gboard, wato allon rubutu na Google, ka shiga saitinsa ka ƙara Hausa, za ta samu ɓ da ɗ da ƙ, kuma zai daina gyara mata kalmomin Hausa yana mayar da su na Turanci.

Tambaya: A ofishinmu Outlook muke amfani da shi. Na mayar da harshen Turanci, amma har yanzu akwatin saƙo sunansa Boîte de réception.

Amsa: Ranka ya daɗe, sunayen manyan fayel-fayel ɗin Outlook ana raɗa su ne ranar da aka fara buɗe akwatin, da harshen da aka buɗe shi, kuma a sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonninku, suke zaune. Shiga Outlook ta burauza, ka je Settings, General, sannan Language and time. Bayan ka zaɓi harshe, akwai ɗan akwatin da ke cewa a sauya sunayen fayel-fayel su dace da harshen, ka sa masa alama ka adana. Idan tsohon Outlook na kwamfuta ne, rufe shi, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta outlook.exe /resetfoldernames ka danna Enter. Idan kana shafin Language and time ɗin, duba agogo ma. Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya, West Central Africa, amma akwatin da aka saita a Saudiyya zai riƙa nuna maka saƙonni da awa biyu gaba.

Tambaya: Ban taɓa komai ba, na tashi na ga Gmail ɗina da wani rubutu da ban ma san na wace ƙasa ba ne. Saƙonnina sun tafi ke nan?

Amsa: Saƙonninka suna nan, ƙanena, sauya harshe ba ya goge ko ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya sauya shi. Idan yara ne suka yi wasa da wayar, za ka ga wayar duka ta juya, sai ka bi amsar farko. Idan kuwa wayar lafiya lau take amma a burauza ne harshen ya sauya, mai yiwuwa wani ne ya shiga asusunka. Sau da yawa daga shagon da aka cika fom ɗin JAMB ko na neman aiki ne, aka tashi ba a fita daga asusun ba.

Kafin ka gyara harshen ma, sauya kalmar sirri. Sannan ka shiga myaccount.google.com, sashen Security, ka duba na'urorin da ke cikin asusun, ka fitar da duk wadda ba taka ba. A saitin Gmail na kwamfuta, leƙa Forwarding da Filters, domin masu kutse sukan saita a riƙa tura musu kwafin saƙonninka, kuma wannan yana ci gaba da aiki ko bayan ka sauya kalmar sirri. Idan ka ga adireshin da ba ka sani ba, goge shi, sannan ka kunna 2-Step Verification, wato matakin tabbatarwa na biyu bayan kalmar sirri, da lambar wayarka.