Katsina, Kaduna ko Zariya: ina Sardauna ya yi karatu?

Tambaya: Malam, gardama ce ta sarƙe tsakanina da abokina. Ya ce Sardauna tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ta Zariya ne, ni kuwa na karanta cewa a Katsina ya yi karatu. Wa ke da gaskiya? Kuma shugabannin Najeriya nawa makarantar ta yaye?

Amsa: Malam, ku duka biyun kuna da gaskiya. Makaranta ɗaya ce, ƙaura ta yi sau biyu tana sauya suna. An kafa ta a Katsina a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, don horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Shi ya sa Ahmadu Bello, da ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya kama alli, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya gama a 1933 ya koma koyarwa a Bauchi. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta sauka Zariya, a hanyar Gaskiya. Sunan Barewa bai zama na hukuma ba sai 1971. Tsohon ginin ƙasa na Katsina yana nan, ya zama gidan tarihi.

Saboda haka in aka ce maka wane ɗan Barewa ne, fara tambayar shekara. Kafin 1938, Kwalejin Katsina za ka gani a tarihinsa, kamar Abubakar Imam. Daga 1938 zuwa 1949 Kwalejin Kaduna ce, zamanin su Malam Aminu Kano da Shehu Shagari. Bayan nan sai Zariya, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne kamannin suna: Kwalejin Gwamnati da ke Katsina a yau da wadda ke Kaduna makarantu ne daban, haka ma Alhudahuda da ke cikin Zariya.

Shugabanni biyar ake ƙirgawa: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Sardauna ba ya cikin lissafin, don Firimiyan Arewa ne. Shi kuwa 'Yar'aduwa akwai ƙarin bayani a kansa: a Keffi ya yi sakandare, karatun share fagen jami'a ne ya kawo shi Barewa, ya gama a 1971.

Tambaya: Ni uwa ce. Wannan suna da makarantar ta yi ya isa in kai ɗana can?

Amsa: Hajiya, sunan na gaske ne, amma an yi shi ne lokacin da ake tsamo yara ƙalilan daga kowane lardi. Yau makarantar kwana ce ta maza a hannun gwamnatin jihar Kaduna, don haka a auna ta da ma'aunin yau. Ki nemi sakamakon WAEC da NECO na shekara uku a jere, ki duba yara nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a cikin nawa da suka zauna. Shekara ɗaya tana iya ruɗin mutum. Ki je ranar da ake karatu, ban da ranar ziyara da ake share ko'ina. Ki ƙirga kawunan da ke aji ɗaya, ki leƙa ɗakin kwana da ɗakin gwaje-gwaje, ki murɗa famfo da hannunki.