Hukuncin Sayar da Tsofaffin Kayan Sauti a Gwanjon Intanet da Sa Aboki Ya Zuga Farashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Ingila ne, kuma bayan aikina ina taɓa sana'ar tsofaffin kayan sauti: amfilifaya, lasifika, garmaho da rikodar kaset, irin su Technics, Pioneer, Marantz da Sansui na shekarun 1970. Ina tsinto su a kasuwar Lahadi inda mutane ke baje tarkacen gida a bayan mota, in goge, in gyara abin da zan iya, in sa su gwanjo a shafin intanet na eBay. Nakan buɗe da fam 1 don jama'a su taru. Idan kwana bakwai na gwanjon sun kusa cika farashi bai kai inda nake so ba, sai in sa wani abokina ya shiga ya yi tayi, ba don zai saya ba. Kwanaki haka na sayar da wata amfilifaya fam 210, alhali mai tayin gaskiya na biyu ya tsaya a 140. Kuma na san ɓangarenta na hagu yana ɗaukewa idan ta yi rabin awa a kunne, amma na rubuta cewa ba a gwada ta sosai ba, kuma ba a dawowa da kaya. Abokina ya ce babu laifi tunda kayan sun kai kuɗin, kuma masu sayen ba musulmi ba ne. Zuciyata ba ta natsu ba. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi abin yadda yake ba ka ƙawata shi ba.

Sana'ar kanta halal ce. Amfilifaya da lasifika na'urori ne masu fitar da duk sautin da aka ba su, da su ake kiran salla, da su ake sauraren karatu da labarai, da su kuma wasu ke saɓo. Abin da ke da amfani na halal, sayar da shi ya halatta, sai fa idan ka tabbatar wanda ke gabanka don ɓarna yake nema, kamar mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa.

Gwanjo ma halal ne, shi ne malamai ke kira bai'ul muzayada. Abu Dawuda da Tirmizi da wasunsu sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya ɗaga wata shimfiɗa da wani ƙoƙo ya ce wa zai saya, wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da dirhami biyu, ya sallama masa. Malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, amma hukuncin bai dogara da shi kaɗai ba. Bukhari ya ƙulla babi a kan gwanjo, ya kawo maganar Aɗa'u cewa ya riski mutane ba sa ganin laifin sayar da ganima ga wanda ya fi ƙari. Hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa kuwa, Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai saye sun kusa ƙullawa. Kafin nan, kayan da aka ajiye don a taya, kowa na iya ƙarawa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta tabbatar da halaccin gwanjo da sharuɗɗansa a ƙudurinta mai lamba 73, a zaman da ta yi a Burunai a 1993, kuma tun 1990 ta amince da ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani. Rashin ganin kayan ido da ido ba ya ɓata cinikin, domin a mazhabar Malik ana sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sai dai ka riƙe wannan: wanda ya saya bisa siffa, siffar ya saya. Hotonka da rubutunka su ne idonsa da kunnensa.

Game da farashi, shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Abin da ka saya fam 20 ka sayar 200, idan masu tayi na gaskiya ne suka kai shi can, ci abinka. Urwatul Bariƙi, Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai a wajen sayowa: idan tsohuwa ta fito da garmahon mijinta da ya rasu ta ce maka ba ta san kuɗinsa ba, kai ka faɗa mata yadda ake sayarwa, to ta ba ka amana, kuma zambatar wanda ya sallama maka haka haramun ne. Idan kuwa ita ta sa kuɗinta, ka biya ka wuce.

Yanzu ga inda ciwon yake. Abin da abokinka ke yi maka sunansa najashi, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Malik ya fassara shi da cewa ka taya kaya sama da kuɗinsu ba ka da niyyar saye, don wani ya bi sawunka. Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ce mai yin haka maci riba ne, maha'inci. Mun san shi tun a kasuwannin dabbobi na gida, inda wani zai tsaya gefen dillali yana shafa bayan sa yana ƙara kuɗi, alhali ko igiyar ba zai saya ba. Na intanet ya fi wannan muni, kuma kai ka fi ni sanin dalili. A eBay mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura na ƙara masa kaɗan kaɗan gwargwadon tayin da ke biye da shi. Wanda ya yi nasara ba iyakarsa yake biya ba, tayin na biyu yake biya da ɗan ƙari. Ke nan tayin abokinka bai tsaya ga zuga zuciyar mutumin ba, shi ne ya yanke kuɗin da aka cire daga aljihunsa. Da ba ku sa hannu ba, fam 140 da 'yan kai zai biya. Ya biya 210. Wannan tazarar ta kusan fam 70 babu wani mai saye a duniya da ya taya ta, ku biyu kuka ƙirƙire ta. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna da ƙarya sai dai ta zama fatauci bisa yardar juna, kuma yardar da aka samo da yaudara ba yarda ba ce.

Hujjar abokinka cewa kayan sun kai kuɗin tana da wani tushe, ba zan ɓoye maka ba. Ibnul Arabi, daga manyan malaman Malikiyya, yana ganin idan mutum ya ga ana shirin karya wa wani kayansa ƙasa da ƙimarsu, ya ƙara don su kai ƙimar, bai yi najashi ba, har ma yana da ladan niyyarsa. Ibn Hajar ya kawo wannan a Fathul Bari, ya nuna rauninsa: nasiha ba ta buƙatar ka nuna kana son saye alhali ba ka so, kana iya faɗar ƙimar kayan a fili. Ni maganar Ibn Hajar ce ta fi kwanta mini. Ko a kan ra'ayin Ibnul Arabi ma ba ka tsira ba, domin shi yana maganar mai wucewa ne da ya ga za a cuci wani, kai kuwa mai kaya ne da ya ɗauko ɗan kore. Sannan wa ya yanke cewa ta kai 210? Wadda ke kaiwa haka lafiyayya ce, taka tana da aibi. Bayan haka, ranar da ka buɗe asusu ka amince da dokokin shafin, sun hana wannan ɗabi'a ƙarara, dokar cinikin kaya ta Birtaniya ta 1979 ma ta hana mai kaya ko wakilinsa yin tayi a gwanjo ba tare da an sanar ba, kuma musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙofar halal a buɗe take kusa da kai. Duba abin da irin kayan suka sayu da gaske a baya, kada ka bi kuɗin da masu talla ke rubutawa, sai ka buɗe gwanjon da mafi ƙarancin abin da za ka iya sallamawa. Ko ka sa iyakar da ba za a sayar ƙasa da ita ba, wadda shafin ke sanar da masu tayi cewa akwai ta, ko ka sa farashi tsayayye. Duk waɗannan daidai suke da mai kaya a kasuwa ya ce albarka. Amma ka buɗe da fam 1 don cin amfanin cunkoso, sannan ka ƙi ɗaukar kasadar da ke tattare da fam 1, wannan ba adalci ba ne.

Batun aibi ya fi sauƙin hukunci. Ibn Abi Zaid ya ce a Risala bai halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda idan ya faɗa mai saye zai ƙi ta ko ya rage kuɗi. Auna rubutunka da wannan. Ka jona ta, ka zauna, ka ji ɓangaren hagu ya yi shiru bayan ta ɗauki zafi, sai ka rubuta ba a gwada sosai ba. Ka zaɓi kalmomin ne don mutumin ya yi zaton kai ma ba ka sani ba. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya hana a sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Tsofaffin kayan sauti kusan duk ciwonsu a ƙasan tari yake: kwandansa da ta bushe, soson bakin lasifika da ya ruɓe aka liƙe da gam, bel ɗin garmaho da ya saki, maɓallin ƙara murya mai ƙarar yashi, na'urar Japan mai cin wuta volt 100 a ƙasar da ke ba da volt 230. Duk wanda ka sani, rubuta shi, ka ɗauki hotonsa kusa. Idan ka canza wani abu a ciki da wanda ba na asali ba, faɗa, domin masu tara irin waɗannan kaya asalin suke biya wa kuɗi.

Rubuta cewa ba a dawowa da kaya ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. A Muwaɗɗa, Ibn Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa sharaɗin barranta daga aibi, mai saye ya kai ƙara, Usman ɗan Affan ya ce sai Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba. Ka ga sanin mai sayarwa shi ne ma'auni. Maganar cewa ba musulmi ba ne kuwa, ka goge ta daga ranka. Haramcin ha'inci bai ware kowa ba, kuma kana zaune a ƙasarsu bisa alƙawarin aminci.

Abin da ya hau kanka shi ne ku tuba kai da abokinka, domin zunubin najashi na kanku ne ku biyu, sannan ka gyara abin da ya wuce. Halil ya ce a Mukhtasar idan an yi najashi da sanin mai kaya, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan, idan kuma sun salwanta a koma ga ƙimarsu. Ka aika wa mutumin saƙo, ka gaya masa aibin da ka sani da tayin da aka yi, ka ba shi zaɓi: ya dawo da ita ka mayar masa da kuɗinsa duka har da na aikowa, ko ya riƙe ta ku daidaita kan tazarar tayin da ragin aibin. Sauran cinikayyar da ka yi a baya, bi tarihin tayin kowanne ka fitar da inda mai tayin gaskiya na biyu ya tsaya, ka mayar da abin da ya hau. Wanda ka nema iyakar ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka fitar da haƙƙinsa sadaka da niyyar sauke nauyi, idan ya bayyana daga baya bai yarda ba ka biya shi.

Allah ne mafi sani.