Amsoshin Tambayoyinku: Allurar HPV ko man kariyar rana, wanne zan saya wa ɗana zabiya?

Tambaya daga wata uwa a Mabera: Salam Malama, ɗana zabiya na, shekarashi takwas. Na ji an ce bairos ka kawo kansar fata, wani ya ce in kai shi asibitin kuɗi a yi mashi allurar HPV. Kuɗina ba su isa in yi allura in kuma sayi man rana. Wanne zan zaɓa?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kai tsaye zan gaya miki, kuɗin nan ki zuba su a man kariya da sutura.

Wanda ya yi miki maganar bairos ba ƙarya ya yi ba, sai dai ya cakuɗa abu biyu. HPV dangin bairos ne babba, sun kai iri 200. Allurar da gwamnatin Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023 iri huɗu take tarewa, wato 6, 11, 16 da 18, kuma 16 da 18 ɗin su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Waɗanda masu bincike ke zargi a kansar fata wasu ne daban, rukunin beta ake ce musu, yawancin mutane na yawo da su a fata lafiya lau, kuma ba don su aka haɗa allurar ba. Zargin ma shi ne idan rana ta lalata ƙwayoyin fata, maimakon su mutu jiki ya zubar da su sai bairos ɗin ya taimaka musu su ci gaba da rayuwa, kin ga ke nan ko a nan ɗin ma rana ce ummul aba'isin, balle ranarmu ta Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga yaro kuma fatarshi ba ta da launin da ke tare ta.

Idan kin je kemis ki nemi mai SPF 50, wato lambar ƙarfin kariyar man, ki duba an rubuta UVA da UVB a jiki, wato iri biyu na hasken rana da ke lalata fata, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kar ki sayi wanda aka baza a tire yana shan rana, kuma don Allah ki kiyayi masu cewa nasu yana ƙara haske, wannan wata hajar ce daban. A shafa kafin ya fita, a sake bayan kamar awa biyu ko in ya yi zufa, kar a manta kunnuwa da ƙeya da bayan hannu, nan ne iyaye suka fi mantawa kuma nan ne ciwon ya fi son fitowa.

Amma wallahi in kuɗin sun yi kaɗan ni malafa zan fara saya. Hula ba ta rufe kunne, malafa kuwa tana inuwa har wuya kuma ba ta ƙarewa kamar mai. Sai riga mai dogon hannu, ki ɗaga yadin ki duba ta wajen haske, in kina hango rana ta ciki to ita ma tana hango yaron. Ki je makarantarsu da ta boko da ta Islamiyya ki roƙi malamai a riƙa barinshi cikin inuwa daga ƙarfe 10 zuwa la'asar. Duk wani ƙurji ko ɓawo-ɓawo da ya yi wata guda bai warke ba ki kai shi wurin likitan fata a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In kina da 'yan mata da suka kai shekarun allurar kuma, su ki kai su a yi musu.

Tambaya daga wani bawan Allah a Arkilla: Wasu tabbai baƙaƙe masu ɗan kauri sun fito mani a ƙafa, ba ƙaiƙayi ba ciwo, ƙafar ta fara kumbura. Mai kemis ya ce in sayi wani kirim, mai maganin gargajiya ya ce daji na. In sayi wanne?

Malam kar ka sayi ko ɗaya, kuɗin mota zuwa asibiti ya fi. Ba a gane ciwo daga saƙo, amma abin da ka siffanta dole likita ya duba ko Kaposi ne, kansa ce da ke fitowa a fata wadda ita kam an tabbatar bairos ke haddasa ta, sunanshi HHV-8, a 1994 aka gano shi a Amurka. Mutane da dama na ɗauke da shi bai yi musu komai ba, sai garkuwar jiki ta yi rauni yake samun dama, shi ya sa za a ce ka yi gwajin HIV. Kar wannan ya ɓata maka rai, ana samunta ga wanda ba shi da HIV ma, in kuma akwai to maganin ARV mai danne HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati kuma sau da yawa tabban na ja da baya in an fara sha. Kirim ɗin nan na kemis da yawansu akwai sinadarin da ke ƙara danne garkuwar fata. Za a yanki ɗan ƙaramin wuri a kai lab, ka yarda a yi, wannan ne zai nuna ko mene ne.