Dutse Ba Ya Kunna Fitila

Ƙanena, ka tambaye ni: idan dare ya yi garau, babu hazo babu gajimare, kuma ga fitilun filin jirgi kana hangowa tun daga nesa, me zai hana ka saukar da jirgi da ido kawai, tunda ko an kuskure akwai na'urar da za ta yi gargaɗi? Na ji daɗi da ka yi tambayar nan tun muna ƙasa.

An ce gani ya kori ji, amma da rana ake wannan magana. Da dare fitilu kawai idonka ke gani, shi kuwa dutse ba ya kunna ko ɗaya. Baƙin da ke tsakaninka da gari yana iya zama tafki, ko daji, ko tsaunin da ya fi ka tsayi, duk kamanninsu ɗaya. Ido ma yana da tasa yaudarar: in ka doshi titin sauka mai haske ta kan wuri mai duhu ƙirin, sai ka ji kamar ka yi sama da yawa, hannunka ya riƙa saukar da jirgi ba ka ankara ba. In kuwa ka ga fitilun da suka fi kusa da kai suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, to wani abu ya shiga tsakaninku. Hau sama nan take, daga baya ka bincika.

Abin riƙonka shi ne lambar da ke kan taswirar sauka. Mafi ƙarancin tsayin da aka rubuta a kewayen fili yana ba ka tazarar ƙafa 1,000 bisa abin da ya fi komai tsayi cikin mil 25. Ba a gangarowa ƙasa da shi sai kana kan hanyar da aka zana, kuma ka tabbatar da inda kake a kanta. A gangaren digiri 3, kowane mil ɗaya ƙafa 300 ne ko kusa da haka, saboda haka in saura mil 10, ya kamata kana ƙafa 3,000 bisa titin. Lissafin nan da ka ake yin sa, kuma a bayyane, abokin tuƙinka yana ji. Kada ka manta ma'aunin tsayi da nauyin iska yake aiki. Kuskuren hektofaskal 10 (ma'aunin nauyin iska ke nan) wajen saita shi ya kai ƙafa 300 ko kusa. A tsananin sanyi kuma yakan nuna ka fi inda kake tsayi, kamar kashi 4 cikin 100 ga kowane digiri 10 na sanyi da aka sauka ƙasa da yanayin ƙa'ida, wato yanayin da aka tsara ma'aunin a kansa. A kan filin da yake shimfiɗe wannan ba ya cika kisa. A bakin tsauni yana yi.

Ina so ka karanta abin da ya faru a Kali ta ƙasar Kolambiya har ka haddace. Ranar 20 ga Disamba 1995, jirgin American Airlines mai lamba 965, ƙirar Boeing 757, ya taso daga Mayami a makare. Filin Kali a cikin kwari yake, tsaunuka dama da hagu, kuma a lokacin masu kula da jirage ba su da na'urar rada da za ta nuna musu inda jirgin yake. Aka yi wa matuƙan tayin sauka kai tsaye ta arewa, suka karɓa don rage lokaci. Nan take aiki ya yi musu yawa: suna sama da yawa, suna gudu, sai suka buɗe birkin iska na fukafukai. Suka danna harafin R a kwamfutar jirgi da nufin tashar alama ta Rozo, ita kuwa ta kawo musu Romeo da ke wajen Bogota. Jirgi ya karkata hagu, ya bar kwarin, yana ta gangarowa cikin duhu. Na'urar gargaɗi ta yi kuka saura daƙiƙa 12 ko kusa su bugi tsauni. Suka ba shi wuta, suka ɗaga hanci, amma birkin iskan yana buɗe. Mutum 159 suka rasu, huɗu suka tsira. Jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙan kuma ƙwararru ne. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne sun riga sun san sun rikice, suna tambayar juna ina suke, amma ba su dakatar da gangarowar ba.

To ga batun na'urar da ka dogara da ita. Tsohuwar ƙirarta ƙarƙashin jirgi kawai take aunawa, shi ya sa in dutsen a miƙe yake kamar bango, sai an zo dab take magana. Wadda ta fito a 1996 tana ɗauke da taswirar tsaunukan duniya, tana haɗa ta da bayanin tauraron ɗan adam, ta leƙa gaba, ta zana maka tudu a allo da ja da rawaya. Ta ceci rayuka da yawa, ina girmama ta ƙwarai. Sai dai ranar da ta yi maka ihu, ka san duk matakan da ke gabanta sun riga sun zube. A lokacin babu shawara, babu leƙen taga: ka karɓi tuƙi da hannu, ka tura totur har ƙarshe, ka daidaita fukafukai, ka ɗaga hanci yadda littafin jirginka ya ce, ka rufe birkin iska, kada ka sassauta sai ka wuce tsayin da taswira ta ba ka.

Kafin ku fara gangarowa, tun hankali yana kwance, ku faɗa wa juna wane ɓangare tsaunin yake, nawa ne tsayinsa, kuma in an fasa sauka ta ina za a juya. In hasumiyar masu kula da jirage ta ba ka gajeriyar hanya ba ka shirya mata ba, ka ce a'a, ko ka nemi zagaye ɗaya, haƙƙinka ne. In kuma kyaftin ne ya sauka ƙasa da lambar, ko da ni ne, ka faɗa da ƙarfi, ka maimaita. A tafiyarmu ta gaba kai za ka yi mana wannan bayanin, ni in saurara.