Fatawa: Komai Sai Yadda Na Ce, Kulawa Ce Ko Son Iko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci, gidana a Tudun Wada. Maiɗakina ta ce na cika son iko: ina bincika wayarta, ni na zaɓa wa ɗana kwas ɗin da zai karanta, yaran shagona ko tsinke ba sa ɗagawa sai na ce. In abu ya saɓa wa tsarina, ranar ba ni da barci. Ashe ba nauyin da Allah Ya ɗora mini ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Nauyin yana nan, ɗan'uwa. Annabi (SAW) ya ce dukkanmu makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ciyar da iyali, tsayar da su kan salla da hana su saɓo wajibi ne a kanka.

Sai dai kiwo daban, mallaka daban. A Suratul Gashiya, aya ta 21 da 22, Allah Ya gaya wa Annabinsa cewa shi mai tunatarwa ne, ba mai danne mutane da iko ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10, Annabi bai taɓa ce masa "tir" ba, ko "don me ka yi kaza?" Wannan hadisin nakan so masu yaran shago su riƙa tuna shi.

Binciken wayar matarka kan zato kawai shi ne tajassusi, wato leƙen asirin mutane, wanda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana. Haramun ne, ka daina, ka nemi afuwarta. Karatun ɗanka kuwa, muddin halal ne, haƙƙinka shawara ce.

Rashin barcin nan ya fi damuna, don tawakkali yake taɓawa. An umarce mu mu ɗaure raƙumi mu dogara ga Allah. Kai ka ɗaure, kuma ka kwana riƙe da igiyar. Duk sanda ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, ka yi shiru, in a tsaye kake ka zauna, ka tambayi kanka: dokar Allah aka taka, ko maganata ce ba a bi ba? In ta farko ce, gyara da tausasawa. In ta biyu ce, bari ta wuce. Kafin ka kwanta, ƙirga umarnin da ka bayar yau wanda da ka yi shiru babu abin da zai lalace. Gobe ka bar wa babban yaron shagonka ciniki ɗaya ya ƙarasa da kansa.

Allah ne Mafi sani.